Ku Tambaya Mu Amsa: Bikin Bazara a Garin Bakin Teku

Wasiƙun da suka taru a wannan karo kusan duk bakinsu ɗaya. Zafi ya kama, garuruwan bakin teku sun fara cika da baƙi, masu shirya biki na neman rana, masu girki na neman kifi. Mun kai tambayoyin wurin waɗanda suka san kan aikin, wato masunta da masu gashin kifi da masu ceto a bakin ruwa, ga kuma abin da muka tace.

Ina cikin kwamitin da zai shirya bikin kifi na yini ɗaya a kan rairayin bakin teku. Mun tsayar da Asabar saboda kowa na gida, sai wani dattijo masunci ya ce mu je mu duba wata tukuna. Camfi ne, ko akwai dalili?

Malam, ku koma ku yi wa dattijon nan godiya. Teku ba kamar tafki yake ba. A yawancin gaɓoɓin duniya ruwansa na kawowa sau biyu yana janyewa sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, kuma wata ne ke jan akalar wannan kai-da-komowa, rana na taya shi. Tsakanin cika da cika akwai awa 12 da minti 25. Saboda rarar minti 50 ɗin nan, kullum lokacin cikar na matsawa gaba. Idan Asabar ɗin da kuka je duba fili ruwa ya janye da azahar, to Asabar mai zuwa da azahar a cike za ku same shi. Nan ne kwamitoci da yawa ke faɗawa rami: sun ga fili fetal, sun auna wurin rumfuna, ranar biki kuma filin na ƙarƙashin ruwa.

Maganar wata kuwa, ga yadda take. Kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar sabon wata, da kuma bayan daren sha huɗu, ruwa na kai maƙurar cika, yana kuma kai maƙurar janyewa. A wajen bakwai zuwa tara ga wata, da ashirin da biyu zuwa ashirin da huɗu, motsinsa kaɗan ne. Mai son kafa rumfuna su wuni a kan yashi, kwanakin ƙaramin motsi zai zaɓa. Mai son tseren kwalekwale a mashigin da ba shi da zurfi, babbar cika yake nema. Bambancin wuri da wuri ma ba ƙarami ba ne: a yawancin gaɓar Bahar Rum tazarar cika da janyewa ba ta kai rabin mita ba, a mashigin Fundy na Kanada kuwa takan kai mita 16. Ku nemi jadawalin cika da janyewar ruwa na tashar da ta fi kusa da ku, kada ku ari na wani gari.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ruwan ba ya hawa da gudu ɗaya. Ku kasa tazarar gida 12. A awa ta farko zai hau kaso 1, ta biyu kaso 2, ta uku da ta huɗu kaso 3 kowacce, ta biyar 2, ta shida 1. A ce tazarar mita 6 ce: awar farko santimita 50 kawai zai hau, kowa ya saki jiki, a awa ta uku kuma mita ɗaya da rabi. Idan rairayin shimfiɗaɗɗe ne, mai gangaren mita 1 a cikin kowace mita 100, ruwan zai cinye mita 150 na fili a cikin wannan awa guda. Kafin ka ce kwabo kujeru na yawo.

Da safe ku taka bakin ruwa ku nemi layin da ciyawar teku da tarkace suka jeru a kan yashi. Nan ruwan jiya ya tsaya. Komai naku ya zama can sama da wannan layi da rata mai kyau, domin iska mai ƙarfi daga teku kan tura ruwa ya wuce abin da jadawali ya faɗa.

Bara iska ta ɗauke mana kanofi biyu da la'asar, alhali da safe ko ganye ba ya motsi. Hayaƙin gashi kuma ya hana mutane zama. Me muka yi ba daidai ba?

Iskar ba ta zo muku ba zato ba, al'adarta ke nan a ranar zafi. Ƙasa na riga ruwa ɗaukar zafi. Da hantsi ya ɗaga, iskar da ke kan tudu ta ɗumama ta tashi sama, sai mai sanyi ta kwararo daga teku ta maye gurbinta. Takan fara wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, ta yi ƙarfi tsakanin azahar da la'asar, ta lafa da magariba. Da dare takan juya ta koma teku, amma a raunane. Saboda haka wanda ya kafa rumfa da sassafe ya ga shiru, bai ga komai ba tukuna.

Turakun ƙarfe da ke zuwa tare da kanofi na ƙasa mai tauri ne, a yashi zarewa suke kamar an zare tsinke. Ku cika buhu da yashi, aƙalla kilo 20 ga kowace ƙafa ta kanofi mai mita 3 a kan 3, ku ɗaure igiyar daga saman ƙafar, ba daga gindinta ba. Wanda ya fi wannan riƙo shi ne a ɗaura igiya a tsakiyar gungumen katako, a binne shi a kwance zurfin rabin mita, a tattake. Labulen gefe kuma idan iska ta tashi a cire shi, don shi ke mayar da rumfa filafilan jirgin ruwa.

Hayaƙi na bin iska, iska kuma daga teku take zuwa tudu. Masu gashi su koma bayan masu zama, ta ɓangaren gari. Janareto ma can, a kan katako, wayoyinsa a ɗage daga jiƙaƙƙen yashi, tare da na'urar da ke yanke wuta da zarar ta ɓalle, domin ruwan gishiri na ɗaukar lantarki fiye da ruwan daɗi nesa ba kusa ba. In an tashi, kada a binne garwashi da yashi. Yashin na rufe shi ne ya riƙe zafin har washegari, yaro ya zo ba takalmi ya taka. A kashe shi da ruwa, a kwashe.

Ni aka ɗora wa abincin mutum 200. Kifi nawa zan saya, ƙanƙara nawa? Kuma na ji an ce kifi na iya cutar da mutum ko da bai yi wari ba.

Hajiya, ki lissafa giram 300 zuwa 400 na kifi ɗungurungum ga kowane baligi, domin kusan rabinsa kai ne da ƙaya da kayan ciki. Mutum 200 ke nan kilo 60 zuwa 80. In akwai wani abinci mai nauyi a gefe, ki tsaya a 60.

Ƙanƙara kuwa kilo da kilo: kilo 70 na kifi, kilo 70 na ƙanƙara, da ƙarin ajiya idan za a wuni. Mutane na ganin kamar ɓarna ce. Gaskiya ne sanyaya kilo ɗaya na kifi daga digiri 30 zuwa sifili kusan sulusin kilo na ƙanƙara kawai yake ci, amma sauran zafin rana ne ke shanye shi, da buɗe kula da ake yi minti-minti. Ki farfasa ƙanƙarar ƙanana, dunƙule babba ba ya taɓa jikin kifi sai ta gefe ɗaya. Shimfiɗa ɗaya ta ƙanƙara a ƙasa, jeri ɗaya na kifi, wata shimfiɗar a kai, haka har sama, ƙanƙara ce ta ƙarshe. Ki buɗe ramin da ke gindin kular ruwan narkewa ya riƙa tsiyayewa, don kifin da ya kwanta cikin ruwan jini yakan yi laushi ya yi ƙarni. Kular kifi daban, ta abin sha daban, duka a inuwa, a kan katako, an lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu.

Wajen saye, ido ya zama garau a kumbure, ba a lotse ba. Ki ɗaga murfin da ke gefen kansa: naman da yake shaƙa da shi ya zama ja jawur, ba ruwan ƙasa mai yauƙi ba. Ki danna bayansa da yatsa, ya dawo. Sabon kifi ƙanshin ruwan teku yake yi.

Abin da kika ji kuma gaskiya ne, shi ne ma babban haɗarin bikin bazara. Kifaye masu mai da duhun nama, irin su makarel da tuna da sadin, idan suka zauna cikin zafi ƙwayoyin cuta na juya wani sinadarin jikinsu ya zama histamin. Da zarar ya taru, gashi ba ya kashe shi, suya ba ta kashe shi, firiza ma haka. Kifin na iya zama fes a ido. Wani lokaci mai ci kan ji wani yaji-yaji a harshe wanda ba na barkono ba, sannan cikin mintuna kaɗan zuwa awa ɗaya ko biyu fuska ta yi ja, kai ya sara, jiki ya yi ƙaiƙayi, zuciya na bugawa da sauri. Ana ɗauka mutum ne jininsa bai haɗu da kifi ba, alhali kifin ne ya sha rana a kan kwata, wato inda jiragen masunta ke sauke kaya. Yawanci yakan wuce cikin yini, amma wanda numfashinsa ya sarƙe a garzaya da shi asibiti. Tambayar da za ki yi wa mai kifi ba “na yau ne?” kaɗai ba ce. Ki tambaye shi tun yaushe kifin ke cikin ƙanƙara. Na jiya da ya kwana a sanyi tun daga cikin jirgi ya fi na safiyar yau da ya yi awa huɗu a rana.

Bayan an gasa ma akwai agogo. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa 1. Ki riƙa fito da kifi kaɗan-kaɗan, na rabin awa, sauran na cikin kula.

Duk sanda na gasa ƙananan kifaye a kan waya sai fatar ta manne, su dagargaje.

Abu uku ke jawo haka: jiƙaƙƙen kifi, waya mai sanyi ko datti, da gaggawar juyawa. Ki tsane kifin da tsumma mai tsabta, ki barbaɗa masa gishiri mai tsakuwa minti 20 zuwa 30 kafin gashi. Ki bari harshen wuta ya mutu, gawayi ya yi farar toka a kai. Waya ta zauna kamar santimita 10 daga garwashi, ta yi zafi sosai, a goge ta, a shafa mata mai. Sadin matsakaici minti 3 zuwa 4 yake so kowane gefe, juyi ɗaya tak. In kin ɗaga kin ji yana riƙe da waya, bai yi ba, ki ƙyale shi. Da fatar ta gasu da kansa zai saki. Babban kifi kuma a ƙiyasta minti 10 ga kowane kaurin santimita 2 da rabi, har tsakiyarsa ya kai digiri 63, naman ya daina sheƙi ya rabu da ƙaya.

Mutanen Malaga a kudancin Sifaniya sun huta da waya gaba ɗaya. Suna tsire sadin biyar ko shida a kan tsagin gora, su kafa shi a tsaye a gefen wutar itacen zaitun da aka hura a cikin tsohon kwalekwale mai cike da yashi, ta inda iska za ta kore hayaƙi daga kifin. Ba sa kankare shi, ba sa fede shi, gishiri kawai. Dabarar ita ce tsinken ya bi ta gefe ɗaya na ƙashin baya a duk kifayen, a fara gasa su ta yadda in an juya ƙashin zai tallafe naman da ya yi laushi. Suna kuma cewa sadin na watannin da babu harafin “r” a sunansu ne, wato Mayu zuwa Agusta a harshensu, lokacin da ya yi ƙiba.

Muna ganin mutane na tsintar ƙumbar teku a jikin duwatsu idan ruwa ya janye. Za mu iya tsinta mu dafa wa baƙi?

Don baƙi, a'a. Ku saya a hannun wanda ke da shaidar inda aka ɗebo ta. Duk halittun nan masu ɓawo biyu tace ruwa suke su ci, abin da ke cikin ruwan kuma a jikinsu yake taruwa. A lokacin zafi wasu ƙananan tsirrai na cikin teku kan yi ambaliya, wani lokaci har ruwa ya rine ya yi ja, sau da yawa kuma ba a ganin komai. Wasu daga cikinsu na da dafin da tafasa ba ta karya shi. Wani nau'in yakan fara da mutuwar leɓe da yatsu, ya kai ga tsayar da numfashi. A 1987, ƙumbar da aka ɗebo daga tsibirin Prince Edward na Kanada ta kwantar da mutum fiye da 100, uku suka rasu, wasu suka rasa riƙe sabon abu a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa hukumomi a ƙasashe da dama ke gwada ruwa su rufe gaɓa in abin ya taso. Ga kuma ƙwayoyin cuta da ke yaɗuwa cikin ɗumin ruwa, waɗanda suka fi yi wa masu ciwon hanta da masu raunin garkuwar jiki illa idan aka ci ɗanya. Kusa da bakin magudanar gari ko tashar jirage kuwa ko da sanyi ba a tsinta.

Wadda aka saya da rai ake dafa ta. Mai fasasshen ɓawo a zubar. Wadda ta buɗe baki a ƙwanƙwasa ta, in ba ta rufe ba ta mutu. A ajiye su a kwano cikin sanyi da jiƙaƙƙen tsumma a kai, ba cikin ledar da aka ɗaure ba, ba kuma cikin ruwan famfo ba, duk biyun kashe su suke. Irin da ke zama cikin yashi a jiƙa su awa 2 a ruwan gishiri, giram 30 zuwa 35 a lita ɗaya, daidai da ruwan teku, su amayar da yashin. A soya albasa da tafarnuwa, a zuba ruwa rabin kofi, a juye su, a rufe tukunya a wuta mai ƙarfi. Cikin minti 4 zuwa 6 za su buɗe, a ƙara musu 'yan mintuna, wadda ta ƙi buɗewa a fitar da ita.

Yarana sun iya ruwa a kogi. Akwai abin tsoro a teku?

Akwai, kuma wurin da ya fi kama da aminci shi ne abin gudu. Ruwan da igiyoyin teku ke jibgewa a gaɓa dole ya koma, yakan kuma haƙa wa kansa siririyar hanya ya fita da gudu, wani lokaci fiye da mita 2 a daƙiƙa, gudun da gwanin ninƙaya ma ba ya iya ja da shi. Daga tudu za ka gan shi kamar wani lungu mai duhu, lumui, tsakanin wurare biyu da igiya ke fashewa, kumfa ko ciyawa na tafiya cikin teku ta nan. Iyaye kan tura yara can don sun ga babu igiya.

Ba ƙasa yake jan mutum ba, waje yake kai shi, gajiya da firgita ke kisa. Ka koya musu: kada su yi kokawa da shi, su kwanta rigingine su sha iska, su ɗaga hannu, in da ƙarfi su yi iyo a gicciye, daidai da tsawon gaɓa, har su fita daga hanyar. Inda ake kafa tutoci, tsakanin tuta biyu masu ja da rawaya ne masu ceto ke sa ido, jar tuta zalla kuma ba a shiga. Katifar roba da ake hurawa a bar ta a gida ranar da iska ke busawa daga tudu zuwa teku.

A garinmu masunta sun fara ƙaurace wa bikin shekara. Suna cewa an mayar da shi na 'yan kasuwa da baƙi. Yaya za a gyara?

Suna da gaskiyarsu, kuma ƙorafin ba na garinku kaɗai ba ne. Garin bakin teku na cin abincin shekara a cikin wata uku, sai ya zama watannin da baƙi ke hutawa su ne 'yan gari ba sa ganin barci. Haya na tashi, gidaje na komawa masaukin kwana biyu, da sanyi kuma unguwa ta yi tsit. A St Ives da ke kudu maso yammacin Ingila abin ya kai har a watan Mayun 2016 fiye da kashi 80 cikin 100 na masu ƙuri'a suka amince kada a sayar da sabon gini sai ga wanda zai zauna a ciki dindindin.

Yana da kyau a tuna daga ina irin waɗannan bukukuwa suka taso. Na Concarneau a yankin Brittany na Faransa an fara shi ne a 1905, bayan sadin ya ɓace daga ruwansu masunta da matan da ke aiki a masana'antar gwangwani suka shiga yunwa. An shirya shi don tara musu taimako, aka kuma sa masa sunan shuɗin tarun da suke kamu da shi, har yau ana yinsa a Agusta. Na Galway a Ireland, wanda aka fara a 1954, an ajiye shi a Satumba don a ja baƙi bayan kakar ta wuce. Na farko don masunta aka yi, na biyu don kasuwa, kowanne kuma bai ɓoye manufarsa ba. Rigima na tasowa ne idan aka ɗauki hoton masunci aka buga a allon talla, sannan aka toshe masa hanyar kwata da rumfar mai sayar da tabarau.

Gyaran na cikin ƙananan abubuwa. A ba masunta da mata masu sarrafa kifi kujeru a kwamiti tun kafin a tsayar da rana, ba bayan an buga takarda ba. A bar hanyar da ake sauke jirage da ta motar ƙanƙara a buɗe, da mai tsaronta. A kashe lasifika a lokacin da aka yi alkawari, domin akwai mai fita ruwa ƙarfe uku na dare. Rumfunan gaba, na kusa da mashiga, a ware wa 'yan gari a kan kuɗi mai sauƙi. A yi yarjejeniyar kifi da jiragen gari tun da makonni, a rubuce, da adadi da farashi, tare da sharaɗin abin da za a yi idan teku ya hana fita kwana biyu kafin biki: a sayi daskararre a gaya wa mutane gaskiya, ko a dafa irin da aka samu. Masu shara kuma su zama rukuni biyu, na dare da na asuba, na daren su gama kafin ruwa ya kawo, in ba haka ba robobin da aka bari a kan yashi masunta ne za su jawo su cikin taru. Bayan mako biyu a liƙa lissafin abin da aka samu da abin da aka kashe a bakin kwata, inda masu saukowa daga jirgi za su gani.